Kan Wayar Sifika: Wanne Ya Dace Da Na'urarka Ta Gida?

Jama'a, da yawanmu idan muka shiga kasuwar Alaba a Legas ko babbar kasuwar Onica za mu sayi amfilifaya da sifiku, sai mu ƙare ciniki a kan manyan kaya, mu manta da ɗan ƙarfen da ke bakin waya. Alhali sau da yawa daga nan ɓarna take farawa. Sili ɗaya na waya idan ya zame ya taɓa ɗan'uwansa, ya isa ya ƙone maka amfilifayar da ka daɗe kana tara wa kuɗi.

Fara duba bayan na'urarka

Kafin ka sayi komai, juya amfilifaya da sifika ka ga irin bakin da suke da shi. Na gida iri biyu ne. Akwai mai maɗanni, wanda kake dannawa ka zura waya ka saki ya cije ta. Akwai kuma mai murɗawa kamar noti, da rami a tsakiyarsa. Bakin shi ne zai faɗa maka kan da za ka saya, ba mai shago ba. Ka ɗauki hotonsa a wayarka kafin ka tafi kasuwa.

Tsirarar waya

Ita ce mafi arha, kuma sautinta bai gaza na sauran ba. Ka feɗe robar kamar santimita 1, ka murɗe silin sosai, ka zura. Matsalarta biyu ce: silin da ke warwatsewa, da kuma danshin nan Kudu. Jan ƙarfe idan ya sha raɓar damina da iskar teku sai ya yi baƙi ko kore, sauti ya fara yankewa. Idan ka ga haka, yanke bakin ka feɗe sabo. Kuma kada ka shafa mata dalma idan noti ne zai matse ta, domin dalma tana lotsawa a hankali, haɗin ya yi sako-sako.

Banana

Wani ɗan ƙarfe ne mai kaurin milimita 4 da ake cusawa a ramin bakin mai murɗawa. Idan kana yawan cire sifika, misali kana ba da aro ranar suna ko walima, wannan ne naka. Ba ya shiga baki mai maɗanni. Hattara da yara: ramin soket na iya karɓarsa, don haka kada ka bar wayar tana yawo a ƙasa.

Mai cokali

Kansa a rabe yake kamar harafin U. Ka sassauta noti, ka zura shi, ka ɗaure. Yana kama wuri da kyau, ya dace da sifikar da aka ajiye wuri ɗaya ko aka matsa ta jikin bango. Sai dai girmansu ya bambanta, kuma girgizar kiɗa tana kwance noti, sai ka riƙa dubawa lokaci-lokaci.

Mai tsinke

Siririn ƙarfe ne, an yi shi domin baki mai maɗanni. Yana da amfani idan wayarka ta yi kaurin da ba za ta shiga ramin ba.

Speakon da jak

Speakon na kamfanin Neutrik ne, ana zurawa a murɗa ya kulle. Shi za ka gani a manyan sifikun masu kiɗan biki da wasu masallatai, don ko an taka waya ba ya fita. Shi kuwa babban jak mai milimita 6.35, kada ka cire shi ko ka cusa amfilifaya na kunne. Kuma wayar makirfo ko ta jita ba ta sifika ba ce, ko da kan ya shiga. Silinta ya yi ƙanƙanta.

Ita kanta wayar fa?

Kai mai tsada a kan wayar banza asara ce. A ɗaki ko falo, waya mai kaurin 1.5 ta isa. Idan nisan ya wuce mita 10, ko an rubuta 4 ohm a bayan sifikar, ɗauki 2.5. Akwai wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Kankare silin da reza tun a shago, idan cikinsa ya fito fari, to ba jan ƙarfe zalla ba ne.

Wajen haɗawa

Kashe na'ura, ka zare ta daga wuta. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a duka ɓangarorin. Idan ka juya ɗaya ba abin da zai ƙone, amma za ka ji gangar ta yi rauni. Idan alamar ta goge, ɗauki ƙaramin batir mai 1.5 ka ɗan taɓa wayoyin biyu. Idan fatar sifikar ta turo waje, wayar da ke kan batirin ita ce ja.

Kafin ka kunna, haska tocila ka tabbatar babu silin da ya leƙo, sannan ka fara da ƙaramin sauti. Allah Ya tsare mana dukiyarmu.