Zance da Alƙalami: Jakadun Koriya a Ƙasar Japan

Yau za mu leƙa gabas mai nisa, mu ga yadda aka yi sulhu bayan yaƙi, da abin da ya riƙe sulhun har shekara ɗari biyu.

A shekarar 1592, Toyotomi Hideyoshi, wanda ke riƙe da ragamar Japan, ya aika da runduna ta faɗa wa Koriya, da niyyar ya bi ta kanta ya ci ƙasar Sin. Daular Ming ta Sin ta aiko da mayaƙa don taimakon Koriya. Ba a daina wannan yaƙi ba sai da Hideyoshi ya mutu a 1598. An ƙone garuruwa, an kwashe dubban mutane zuwa Japan, cikinsu har da malamai da magina tukwane. Duk da haka, shekara tara kacal bayan haka, a 1607, sai ga ayarin jakadun Koriya ya sauka a Japan, ya kuma koma gida da kamammun yaƙi sama da dubu.

Waɗanda suka ƙulla wannan sulhu su ne sarakunan tsibirin Tsushima, zuriyar So. Tsibirin duwatsu ne, ba ya noma abin da zai ci da mutanensa, tsakaninsa da garin Busan na Koriya kuwa kimanin kilomita 50 ne. In ba ciniki da Koriya, yunwa ce. Da Koriya ta ce ba za ta aiko da jakada ba sai shugaban Japan ya fara rubuto wasiƙa, sai mutanen Tsushima suka ƙaga wasiƙar da kansu. Da amsa ta zo, suka sake gyara ta don kada fadar Edo ta gane. Haka suka yi ta yi har asiri ya tonu, aka yi shari'a a 1635 a gaban Shogun Iemitsu. Ya bar sarkin Tsushima kan gadonsa, ya kori hadimin da ya tona maganar zuwa nesa. Duk wanda ya taɓa riƙe wa dattijo alƙalami ya san wannan ha'inci ne babba, ba ma kuma wanke shi. Amma fadar Edo ta auna, ta ga zaman lafiyar ya fi tsada.

Daga 1607 zuwa 1811 an yi irin wannan tafiya sau 12. Kowane ayari yakan ɗauki mutum ɗari uku zuwa ɗari biyar: jakadu, magatakarda, likitoci, masu zane, makaɗa, har da gwanayen wasa a kan doki.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda suke zance. Bakoriye da Bajapane ba sa jin harshen juna. To amma malaman ƙasashen biyu duk sun yi karatu da rubutun Sinawa, sun haddace littattafan Kwanfushiyas. Harafi ɗaya ne, kowa da yadda yake furta shi, ma'anar kuwa ɗaya. Saboda haka sai su zauna, a shimfiɗa takarda, wannan ya rubuta tambaya, wancan ya rubuta amsa. A kowane masauki malaman Japan sukan yi cincirindo suna neman baƙi su rubuta musu baiti ko su duba nasu, har magatakardan Koriya suka riƙa kukan rashin barci. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu: da Larabci Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi suka yi muhawararsu a wasiƙu, alhali kowa yana da harshen gidansa. Su ma can kowa yana da nasa rubutu na gida, Japanawa da kana, Koriyawa da hangul wanda Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446, amma maganar fada da ta ilimi da rubutun Sin ake yin ta.

Kada a ɗauka cewa tabon yaƙi ya goge. A tafiyar 1719, jakadun Koriya sun ƙi halartar liyafa a wani haikali na Kyoto saboda sun ji cewa Hideyoshi ne ya gina shi. Aka yi cacar baki tsakanin Shin Yu-han, magatakardan ayarin, da Amenomori Hoshu, malamin fadar Tsushima. Shi wannan Hoshu ya zauna a Busan ya koyi harshen Koriya da bakinsa, ya kuma rubuta wa sarkinsa nasiha cewa hulɗa da maƙwabci ba ta tsayuwa sai babu yaudara, babu husuma. Sun yi watanni suna tafiya tare, suna faɗa suna shiryawa, kuma Shin ya rubuta cewa ranar rabuwa Hoshu ya zubar da hawaye.

Ayarin ƙarshe, na 1811, bai wuce Tsushima ba, don kuɗin karɓar baƙi ya yi wa ɓangarorin biyu nauyi. Ƙarni guda bayan haka, a 1910, Japan ta mamaye Koriya. Takardun waɗannan tafiye-tafiye dai sun tsira, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sanya su cikin kundin tarihin duniya, bisa buƙatar da ƙungiyoyin ƙasashen biyu suka gabatar tare. Akwai kuma wata tsaraba da ba ta takarda ba: jakada Jo Eom, wanda ya jagoranci tafiyar 1763, ya ga dankali a Tsushima, irin wanda muke kira dankalin Hausa, ya aika da irinsa gida don maganin yunwa. Har yau ana gasa shi a titunan Seoul lokacin sanyi.