Tsamin jiki bayan motsa jiki

Tsamin jiki ciwo ne da ƙagewar tsoka da ke biyo bayan aikin ƙarfi ko motsa jikin da mutum bai saba da shi ba. Yakan fara ne awa 12 zuwa 24 bayan an gama aikin, ya yi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya lafa da kansa cikin kwana 5 zuwa 7. Saboda wannan jinkirin ne littattafan likitanci suke kiransa ciwon tsoka mai zuwa a makare, suna taƙaita sunan da DOMS. Shi ne ciwon da sababbin masu motsa jiki suka fi gamuwa da shi a makon farko, kuma yana sa wasu su watsar da atisayen tun ba a je ko'ina ba. Tsamin jiki ba shi da haɗari. Sai dai akwai wasu ciwukan da ke tasowa lokacin motsa jiki waɗanda alama ce ta rauni ko ta wata cuta, kuma rarrabe su da tsami shi ne abu na farko da mai farawa yake buƙatar sani.

Suna da tarihi

Hausawa sun san wannan yanayi tun kafin zuwan wasannin zamani. Akan ce "jikina ya yi tsami" bayan wunin noma, ko daka, ko doguwar tafiya a ƙasa, ko kokawa. A fannin kimiyya kuwa, masanin aikin jiki ɗan Amurka Theodore Hough ne ya fara bayyana shi dalla-dalla a shekarar 1902. Ya lura cewa tsokar da ba ta saba aiki ba takan yi ciwo sa'o'i bayan an wahalar da ita, ya kuma danganta hakan da 'yan tsage-tsage a cikin tsokar. Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan bayani.

Abin da ke haddasa shi

Tsoka tana aiki ta hanyoyi biyu manya. Takan takure ta gajarce, kamar lokacin da ake ɗaga buhu daga ƙasa. Takan kuma miƙe a hankali alhali tana riƙe da nauyi, kamar lokacin da ake sauke buhun, ko ake gangarowa daga kan dutse, ko ake durƙusawa. Wannan na biyun ne ya fi jawo tsami, domin yana yi wa zaruruwan tsoka ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Jiki yakan aika jini da ƙwayoyin gyara zuwa wurin, sai a samu ɗan kumburi, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi su ƙara saurin ji. Shi ya sa saukowa daga tudu ta fi hawansa sa cinya tsami, tuƙa keke kuma ba ya sa tsami kamar tsallen kwaɗo.

An daɗe ana cewa taruwar sinadarin laktik asid ce ke kawo tsami. Masana sun yi watsi da wannan ra'ayi, domin sinadarin yakan koma daidai a cikin jini kimanin awa ɗaya bayan an tsaya, tsami kuwa sai washegari yake bayyana.

Tsokar da ta yi tsami sau ɗaya takan samu kariya. Idan aka maimaita irin aikin bayan kwanaki, ciwon yakan zo da sauƙi ƙwarai, kuma wannan kariya takan ɗauki makonni. Abin da ake nufi ke nan idan aka ce jiki ya saba. Tsami ba ma'aunin ingancin atisaye ba ne: tsoka tana iya ƙara ƙarfi ko da ba ta yi ciwo ba.

Alamomi

Ciwon tsami ya bazu ne a cikin naman tsoka, ba a wuri ɗaya tak ba. Yana ƙaruwa idan aka danna wurin ko aka motsa shi, yana raguwa idan an zauna. Tsokar takan ƙage, ƙarfinta ya ɗan ragu, mutum ya ji wahalar sauka daga matakala, ko tsuguno, ko ruku'u da sujada. Galibi yakan kama ɓangarorin jiki biyu daidai, kamar cinyoyi biyu ko damatsa biyu. Idan aka fara tafiya a hankali jiki ya ɗumama, yakan sassauta.

Bambancinsa da rauni

Akwai ciwukan da ke zuwa ana tsakiyar motsa jiki kuma ba su da illa. Raɗaɗin da ake ji a tsoka a ƙarshen gudu ko ɗaga nauyi yakan wuce cikin 'yan mintuna. Sukan da ake ji a gefen ciki ƙarƙashin haƙarƙari yakan lafa idan aka rage gudu aka ja dogon numfashi, kuma ya fi samun wanda ya ci ya ƙoshi dab da farawa. Ɗaurewar tsoka, musamman a sha-raɓa, takan saki idan aka tsaya aka miƙar da ƙafar a hankali.

Rauni kuwa yana da tasa kama. Ciwonsa mai kaifi ne, yana zuwa farat ɗaya, kuma mutum yana iya nuna wurin da yatsa. Sau da yawa yana kan gaɓa ko ƙashi, a ɓangare ɗaya na jiki, yana kuma ƙaruwa idan aka ci gaba. Raunukan da suka fi samun masu farawa sun haɗa da:

Targaɗe, wato miƙewa ko yagewar jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa, galibi a idon sawu, tare da kumburi.

Yagewar tsoka, wadda ta fi faruwa a bayan cinya ko sha-raɓa lokacin da aka fizgi gudu ba tare da ɗumama jiki ba.

Ciwon ƙwauri, wanda ke samun wanda ya ƙara nisan gudu da sauri, musamman a kan kwalta ko busasshiyar ƙasa da takalmi mara laushi.

Tsagewar ƙashi ta yawan aiki, wadda ke farawa da ciwo a wuri ɗaya a ƙwauri ko tafin ƙafa, ya riƙa ƙaruwa kullum.

Idan mutum ya kasa taka ƙafar ko da taku huɗu, ko gaɓa ta karkace, ko aka ji ƙarar wani abu ya tsinke, ko wurin ya mutu ba a jin taɓi, ana buƙatar ganin likita, wataƙila har da hoton ƙashi. Haka ma ciwon da ya wuce mako guda bai ragu ba.

Alamomin haɗari

Wasu alamomin suna buƙatar a tsaya nan take a nufi asibiti:

Ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai yaɗuwa zuwa hannun hagu, wuya ko muƙamuƙi, tare da gumi mai sanyi, jiri, suma ko hakin da ya wuce ƙima. Wannan yana iya zama ciwon zuciya.

Fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, tare da ciwon tsoka mai tsanani, kumburi da kasala. Wannan alama ce ta narkewar tsoka, wadda likitoci ke kira rabdomayolisis. Sinadarin mayoglobin yana fita daga tsokar da ta lalace ya shiga jini, kuma yana iya kassara ƙoda. Ya fi samun wanda bai saba ba ya yi atisaye mai tsanani a rana ɗaya, kamar ɗaruruwan tsallen kwaɗo cikin zafi.

Ruɗewa, magana ba kan gado, tangaɗi ko faɗuwa a cikin zafin rana. Wannan bugun zafi ne, kuma yana kisa. Ana kai mutum inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi da ruwan sanyi ana yi masa fifita har a isa asibiti.

Masu hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, asma ko amosanin jini, da mata masu ciki, ana so su nemi shawarar likita kafin su fara. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, kuma wahalar da jiki tare da ƙarancin ruwa tana iya tayar musu da ciwon.

Kulawa da magani

Babu maganin da ke kawar da tsami nan take. Lokaci ne ke warkar da shi. Abubuwan da ke rage shi su ne tafiya a hankali, tausa mai sauƙi, wanka ko gashi da ruwan ɗumi, isasshen barci, da abinci mai gina jiki irin su wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi da nama. Ba lallai ne a kwanta ba. Ana iya rage nauyin atisayen, ko a motsa wani ɓangare na jiki, har wurin ya huce. Man zafi da ake shafawa yana ɗauke hankali daga ciwon na ɗan lokaci, amma ba ya gaggauta warkewa.

Sabon rauni kulawarsa daban ce. Tsarin da aka fi sani shi ne wanda likitan wasanni ɗan Amurka Gabe Mirkin ya yaɗa a shekarar 1978: a huta, a ɗora ƙanƙara, a naɗe wurin da bandeji, a ɗaga shi sama. Ana naɗe ƙanƙarar a tsumma a ɗora ta minti 15 zuwa 20. Inda babu ita, tsumma da ruwan randa yana taimakawa. Likitocin yanzu suna ganin ƙanƙara rage zafi kawai take yi, suna kuma ba da shawarar a fara motsa gaɓar a hankali bayan kwanakin farko. Gashi da ruwan zafi, murza da ja ba su dace da wurin da ya kumbura ba a kwana biyu zuwa uku na farko. Ɗaurin da ya matse ƙwarai, na bandeji ne ko na ɗori, yana iya tsayar da jini har gaɓa ta lalace. Yatsun da suka yi sanyi, suka kumbura ko suka mutu alama ce ta a kwance.

Farasitamol yana rage ciwo, kuma babban mutum ba ya wuce giram 4 a rana. Ibufurofen da diklofenak suna iya jawo gyambon ciki, suna kuma cutar da ƙoda, musamman ga wanda ya yi gumi bai sha ruwa ba. Shan magani kafin atisaye don kada a ji ciwo yana ɓoye rauni har ya girma. Mafi muni shi ne tiramadol, wanda wasu ke sha don jure aikin ƙarfi: yana kama jiki, yana kuma iya kawo farfaɗiya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya kiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa umarnin likita ba.

Rigakafi

Babbar kariya ita ce farawa kaɗan-kaɗan. A ƙa'idojinta na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ta kuma ce wanda bai saba ba ya fara da ƙarami ya riƙa ƙarawa. Mai farawa yana iya yin tafiya mai sauri ta minti 15 zuwa 20, sai ya ƙara lokaci kafin ya ƙara sauri, ya bar kwana ɗaya zuwa biyu tsakanin atisayen da ke wahalar da tsoka iri ɗaya. Ma'auni mai sauƙi shi ne magana: wanda ke iya hira yana tafiya bai wuce matsakaici ba.

Ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10 da tafiya ko sassarfa yana shirya tsoka. Miƙe-miƙen gaɓoɓi yana ƙara laushin jiki, amma nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2011 ya nuna cewa tasirinsa wajen hana tsami kaɗan ne ƙwarai.

A yankin Rano da Kibiya

Rano da Kibiya ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a kudancin jihar Kano, kuma mafi yawan mazaunansu manoma ne. A nan tsamin jiki yana bin kalandar gona. Bayan hutun rani, kwanakin farko na sharar gona, huɗa da noman farko sukan sa baya, ƙugu da damatsa tsami, amma kafin a kai ga maimai jiki ya saba. Haka yake ga mata a aikin surfe da daka, da kuma kowa a lokacin girbi da sussuka. Sabon da manomi ya yi da fartanya ba ya kare shi daga tsamin gudu ko ɗaga ƙarfe, domin kariyar ta tsokar da ta yi aikin ce kawai.

Masu fara motsa jiki na zamani a yankin sun haɗa da matasa 'yan ƙwallo, da masu shirin shiga aikin soja ko ɗan sanda, waɗanda ke da makarantar horas da sojoji ta Zariya da kwalejin 'yan sanda ta Wudil a gabansu, da ma'aikata da 'yan kasuwa da likita ya umarta da tafiya saboda hawan jini ko suga. Akwai kuma maniyyata aikin hajji, domin sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita 3. Masu atisaye a kan duwatsun yankin sukan fi jin tsamin cinya saboda gangara.

Yanayi ma yana da tasiri. Daga Maris zuwa Mayu zafi a jihar Kano yana kaiwa digiri 40, don haka bayan asuba ko dab da magariba ne lokacin da ya fi dacewa, tare da shan ruwa kafin farawa da bayan gamawa. A hunturu jiki yana buƙatar ɗumamawa mai tsawo, ƙura kuma tana tayar wa masu asma. A watan azumi, atisaye mai nauyi ya fi aminci bayan buɗa baki.

Ana duba ƙananan raunuka a cibiyoyin lafiya na matakin farko da Babban Asibitin Rano. Karaya, gocewar ƙashi da raunukan da ke buƙatar ƙwararrun gashin ƙashi akan tura su birnin Kano, zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.