Yadda Sabon Albarushi Ya Cinye Bindigar Lee-Metford

A shekarar 1888 sojojin Birtaniya suka karɓi bindigar Lee-Metford. William Metford ne ya tsara cikin bututunta: tsagi bakwai marasa zurfi, masu murɗewa, waɗanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa. Dalilinsa kuwa shi ne baƙin albarushi na barin dauɗa mai yawa, kuma tsagi marar zurfi ba ya tara ta. Dabarar ta dace da zamaninta.

Sai dai zamanin bai daɗe ba. A 1889 Frederick Abel da James Dewar suka fito da kodait, albarushi marar hayaƙi, wanda kashi 58 cikin ɗari nasa sinadarin naitirogilisarin ne. Ya ƙara wa harsashi gudu, amma wutarsa ta fi ta baƙin albarushi zafi nesa ba kusa ba. Wurin da ya fi shan wahala shi ne maƙogwaron bututu, daidai inda harsashi ke barin kwanso ya kama tsagi. Zafi ya riƙa cin ƙarfen wurin, kuma da yake tsagin Metford ba shi da zurfi tun asali, bayan harbi dubu kaɗan sai ya shafe. Harsashi ya daina samun riƙo, saiti ya watse.

A 1895 masana'antar Enfield ta koma ga tsagi biyar masu zurfi, aka samu Lee-Enfield. Daga baya aka rage naitirogilisarin zuwa kashi 30. Maharban gasa masu ɗura harsashinsu da hannu har yau wannan lissafi suke yi, suna auna albarushi a sikeli, domin kowane ƙarin gudu daga maƙogwaron bututu ake biyansa.