Ching Tang da Tarihin Allon da Yake Haska Kansa

A shekarar 1975 wani matashi ɗan asalin Hong Kong mai suna Ching Wan Tang ya kammala digirin digirgir a ilimin sinadarai a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya kama aiki da kamfanin Eastman Kodak a birnin Rochester. An haife shi a 1947 a yankin Yuen Long, ya yi digirin farko a Jami'ar British Columbia ta Kanada. Aikin da aka ɗora masa shi ne ya gwada ko sinadarai masu tushen kabon za su iya mayar da hasken rana lantarki cikin rahusa. Duniya a lokacin tana fama da tsadar man fetur, kowa yana neman wata hanyar samun makamashi.

Tun kafin Tang masana sun san cewa irin waɗannan sinadarai suna fitar da haske idan aka sa musu lantarki. André Bernanose ya nuna haka a Faransa a shekarun 1950. A 1963 Martin Pope da abokan aikinsa a Jami'ar New York suka haskaka ƙwayar sinadarin antarasin, amma sai da suka zuba masa wajen volt 400. Wutar ta yi yawa, hasken kuma bai taka kara ya karya ba, don haka abin ya tsaya a ɗakin gwaji.

Dabarar Tang ta fito ne daga aikinsa na hasken rana. Maimakon sinadari ɗaya mai kauri, sai ya shimfiɗa guda biyu sirara, ɗaya a kan ɗaya. A 1986 ya wallafa sakamakon na'urar sola mai shimfiɗa biyu, wadda take mayar da kusan kashi 1 cikin 100 na hasken da ya sauka kanta zuwa lantarki. A cikin wannan aiki ne ya lura cewa idan aka juya lamarin, aka tura lantarki cikin irin wannan gini, haske ne yake fitowa.

Shi da abokin aikinsa Steven Van Slyke suka duƙufa a kai. A 1987 suka wallafa maƙalarsu a mujallar Applied Physics Letters. Shimfiɗar farko tana ɗauko caji mai alamar ƙari (+) daga gilashin da aka shafa wa sinadarin indiyom da kuza, ta biyun kuma, wato sinadarin Alq3, tana ɗauko ilektiron daga gaurayen magnesiyom da azurfa. Cajin biyu suna haɗuwa a bakin iyakar shimfiɗun, nan ne koren haske yake tashi. Kaurin duka biyun bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai ba, shi ya sa ƙasa da volt 10 ya wadatar a sami haske mai ƙarfi. Wannan ita ce na'urar OLED, wato mai fitar da haske daga sinadarai masu tushen kabon, ta farko mai amfani. Bayan shekara biyu suka nuna cewa ɗan ɗigon rini a cikin shimfiɗar yana ƙara haske kuma yana canza launi.

Daga nan sai wasu suka ɗora. A 1990 Richard Friend da tawagarsa a Jami'ar Cambridge suka samar da haske daga sinadaran roba. A 1998 Stephen Forrest da Mark Thompson suka shigo da sinadarai masu ɗauke da ƙarafa masu nauyi, waɗanda suka rage asarar wuta sosai. Kamfanin Pioneer na Japan ya fara sayar da allon OLED a rediyon mota a 1997, Sony kuma ya fitar da talabijin mai inci 11 a 2007. Fifikon wannan allo shi ne kowane ɗigo yana ba da haskensa, ba ya buƙatar fitila a bayansa. Inda ake son baƙi sai ɗigon ya mutu kawai, allon kuma ya yi siriri har a iya lanƙwasa shi.

Kodak dai bai ci moriyar abin da aka gano a gidansa yadda ya kamata ba. Ya sa allon a kyamararsa LS633 a 2003, amma ƙera shi da yawa yana buƙatar masana'antu masu cin maƙudan kuɗi, kuma kasuwar fim ɗin hoto da yake dogaro da ita tana durƙushewa. A ƙarshen 2009 ya sayar wa LG na Koriya ta Kudu sashensa na OLED, a 2012 kuma ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Samsung da LG ne suka mamaye kasuwar, har Apple ya sa allon OLED a iPhone X a 2017.

Tang ya bar Kodak a 2006 ya koma koyarwa a Jami'ar Rochester, daga baya kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong. Ya karɓi kyautar Wolf a fannin sinadarai a 2011 da kyautar Kyoto a 2019. Allunan yau suna da shimfiɗu da yawa da sababbin sinadarai, amma har yanzu a kan tsarin 1987 ake gina su: a raba aikin ɗaukar caji tsakanin siraran shimfiɗu, a haɗa su inda ake son haske.