Sigarin Ganye na Kyuba: Tarihin Ɗanɗanonsa da Ajiyarsa

1.0 Gabatarwa

A bakin Hausawa, sigari shi ne yankakkiyar taba da aka naɗe cikin farar takarda. Amma kalmar cigarro ta Sifaniyanci, wadda ita ce tushen kalmar, tana nufin ganyen taba zalla da aka naɗe cikin wani ganyen taba. Wannan shi ne za a kira sigarin ganye a nan. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa abubuwa biyu da ake fara koya wa sabon shiga, watau rarrabe ɗanɗano da iya ajiya, tarihinsu ɗaya ne. Duka biyu sun samo asali ne daga doguwar tafiyar da ganyen ya yi, daga tsibiri mai laima zuwa ƙasashen da iskarsu ba ta dace da shi ba.

2.0 Daga Gona zuwa Masana'anta

A watan Nuwamba na 1492 ne mutum biyu daga cikin ayarin Kolumbus, Rodrigo de Jerez da Luis de Torres, suka ga mutanen Taino na tsibirin Kyuba suna kunna naɗaɗɗen ganye suna zuƙar hayaƙinsa. Da cinikin ya bunƙasa, sai masarautar Sifen ta kafa doka a 1717 cewa ita kaɗai ke da ikon sayen tabar tsibirin, a kan farashin da ta ga dama. Manoma sun yi bore har sau uku, a 1717 da 1720 da 1723. A wancan zamani, ganye ake kwasa a kai birnin Sebiliya a sarrafa shi a can.

Sai a 1817 Sarki Fernando na Bakwai ya soke dokar. Daga nan masana'antu suka yawaita a birnin Habana: H. Upmann a 1844, Partagás a 1845, Romeo y Julieta a 1875. Tun da yanzu gamammen kaya ne ke ƙetare teku, sai matsaloli biyu suka taso. Ta farko, yaya mai saye zai bambance aikin wannan gida da na wancan? Ta biyu, yaya kayan zai isa Landan bai lalace ba?

3.0 Ɗanɗano

Waɗanda suka fara sanin ɗanɗanon taba su ne manoma da ma'aikata, musamman na yankin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río. Su ne suka lura cewa ganyen tushe ɗaya ba halinsa ɗaya ba. Na can sama, wanda ya fi shan rana, shi ne ligero, mai ƙarfi da jinkirin ci. Na tsakiya, seco, shi ke ba da ƙamshi. Na ƙasa, volado, ɗanɗanonsa kaɗan ne, amma shi ke sa wuta ta ci daidai. Ana haɗa waɗannan a ɗaure su da ganyen capote, sa'an nan a lulluɓe da capa, ganye mai laushi da ake nomawa ƙarƙashin rumfar yadi don kada rana ta kaurara shi.

Bayan girbi ana shanya ganyen a rumfunan katako kimanin kwana 50, har ya juye daga kore zuwa ruwan ƙasa. Daga nan sai a tula shi, ya yi zafi da kansa, ya tsimu, warin da ke cikinsa ya fita. A ƙarshe a ɗaure shi cikin ɓawon wani irin kwakwa, a ajiye watanni ko shekaru. Saboda haka abin da mashayi ke kira ɗanɗanon itace ko ƙasa ko barkono, sakamako ne na waɗannan matakai.

A nan ne ƙa'idojin da ake gaya wa sabon shiga suka samo dalilinsu. Akan ce ya fara da mai sauƙi, domin ligero mai yawa yakan sa wanda bai saba ba jiri da tashin zuciya. Akan ce kada ya yi garaje, domin yawan zuƙa na sa wuta ta yi zafi, ɗaci ya rufe kome. Akan kuma ce ya tsayar da hayaƙin a baki kada ya kai shi huhu. Da aka kafa mujallar Cigar Aficionado a Amurka a 1992, sai aka mayar da wannan sani na ma'aikata lissafi, ana ba kowane sigari maki bisa 100.

4.0 Ajiya

Ganyen taba yana shan laimar iska, yana kuma sakinta. Idan ya bushe sai lulluɓin ya tsage, ƙamshin ya gudu. Idan ya jiƙe da yawa sai ya ƙi cin wuta, ya yi fumfuna. Duk wanda ya san wahalar da fataken goro ke sha wajen lulluɓe huhu da ganye da yayyafa ruwa, zai gane matsalar nan da nan.

Maganin farko shi ne akwatin katakon cedro, wanda ake danganta yaɗuwarsa da gidan H. Upmann. Wannan itace ɗan'uwan maɗaci ne a wajen masana tsirrai. Yana riƙe laima, kuma ƙamshinsa na dacewa da na taba. A ƙarni na 20 'yan kasuwar Turai suka ƙara gaba. Alfred Dunhill, wanda ya buɗe kantinsa a Landan a 1907, da Zino Davidoff na birnin Janeba, sun shahara da keɓe ɗakuna masu laima don ajiyar kayansu. Daga nan aka sami ƙaramin akwatin gida da ake kira humidor, mai ma'aunin laima a ciki. Abin da ake nema shi ne laima tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin 100, da zafi tsakanin digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyos. Idan zafi ya yi yawa, ƙwan wani ƙaramin ƙwaro da ke ɓoye cikin ganyen kan ƙyanƙyashe, tsutsarsa ta huda kayan gaba ɗaya. Watau dai akwatin ƙoƙari ne na riƙe wa ganyen irin laimar ƙasarsa a cikin ɗakin baƙunta.

5.0 Watsuwar Sana'ar

A 1960 gwamnatin Fidel Kastro ta karɓe masana'antun, a watan Fabrairu na 1962 kuma Shugaba Kenedi ya haramta ciniki tsakanin Amurka da Kyuba. Iyalai da yawa masu sana'ar suka yi ƙaura da irinsu da saninsu zuwa Jamhuriyar Dominika da Honduras da Nikaragwa. Ganyen lulluɓi da ake nomawa a gabashin Kamaru shi ma ya ƙara samun kasuwa. Tun daga lokacin, sanin ɗanɗano ya haɗa da iya bambance ƙasar da ganye ya fito.

6.0 Kammalawa

An ga yadda gwanintar ɗanɗano ta taso daga gona da masana'anta, da yadda dabarar ajiya ta taso daga larurar fatauci. Sai dai tarihin bai cika ba idan ba a ambaci abin da likitoci suka tabbatar ba. Hayaƙin sigarin ganye yana shigar da nikotin cikin jini ta fatar baki, ko da ba a kai shi huhu ba. Rahoton da cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka ta fitar a 1998 ya danganta shansa da ciwon dajin baki da na maƙogwaro da na huhu. Tsimi da ajiya suna gyara ƙamshin ganye, amma ba su rage wannan illa.