Tarihin Sammaci: Daga Ɗan Aiken Alƙali Zuwa Gidan Waya

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya rubuto yana cewa an aiko masa da sammaci ta gidan waya kan rigimar bashi. Yana tambaya: shin wannan sammaci ne na gaskiya, kuma tun yaushe aka fara haka?

To Malam, abin yana da tarihi. Tun kafin zuwan Turawa alƙalanmu suna da ƙa'idar kiran wanda ake ƙara. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, malamin Andalus da ya rasu a 1426, wanda alƙalan ƙasar Hausa suke karantawa, ya raba abin gida uku. In mutum yana cikin gari, a tura masa ɗan aike. In yana ɗan nesa kuma hanya lafiya lau, takarda ta wadatar. In kuwa akwai nisa ƙwarai ko tsoron hanya, sai alƙali ya rubuta wa mutumin kirki na can ya yi abin da ya kamata. Ka ga ke nan kira ta takarda ba baƙon abu ba ne.

Da Turawa suka zo, Gwamna Lugga ya yi dokar kotunan gargajiya a 1900, aka bar alƙalai kan aikinsu a ƙarƙashin sarakuna. Ita kanta kalmar sammaci daga bakin Turawa muka aro ta. A 1968 aka karɓe kotunan daga hannun En'e, suka koma hannun gwamnatocin jihohi.

Duk wannan sauye-sauye bai taɓa tushen ba: ba a yanke wa mutum hukunci sai ya san ana ƙararsa. Shi ya sa asalin ƙa'ida a Nijeriya ita ce ma'aikacin kotu ya miƙa maka takardar hannu da hannu. Sai in hakan ya gagara, ko mutum yana ɓuya, mai ƙara zai roƙi izinin alƙali a bi wata hanya: a ba wani baligi na gidan, a manna a ƙofa, a buga a jarida, ko a aika ta wasiƙa mai rajista. A 1981 Kotun Ƙoli ta jaddada cewa hukuncin da aka yi ba tare da an isar da sammaci ba rusasshe ne. Haka kuma in ƙarar bashi ce daga babbar kotun wata jiha, doka ta ba ka aƙalla kwana 30 kafin ka amsa.

Saboda haka Malam, kada ka jefa takardar nan ƙarƙashin tabarma. Ajiye ambulan ɗin, don hatimin gidan waya yana nuna rana. Je ka wurin magatakardan kotun da aka rubuta, ka tambayi lambar ƙarar da izinin alƙali. In akwai kuskure, a gaban alƙali za ka faɗa. In ka ƙi zuwa, ana iya yin hukunci a bayan idonka, har a taɓa dukiyarka.

Allah ya raba mu da rigima, amin.