Daga Sarkin Magina zuwa Takardar Izini a Tsibiri da Maraɗi

Lokacin da Gobirawa suka kafa Tsibiri a 1836, bayan yaƙin Gawakuke, babu wata takarda da ake neman magini ya nuna kafin ya aza tubali. Amma wannan ba ya nufin kowa na iya gini. A biranen ƙasar Hausa gini gado ne, kuma sarauta ce ke riƙe da shi. Sarkin magina shi ke tara magina in aikin fada ko na masallaci ya tashi, shi ya san wanda hannunsa ya isa ya ɗaura bakan soro da azara, da wanda bai wuce kwaɓa ƙasa ba. In soro ya rushe, an san gidan da za a je. Wato sunan mutum da na ubansa su ne jinginarsa.

Mulkin Faransa bai rushe wannan tsari rana ɗaya ba. Da farko aikin tilas ya wadatar da kwamanda wajen gina bariki da hanyoyi. Abubuwa biyu suka juya al'amarin. A 1945 ambaliyar gulbi ta ci tsohon garin Maraɗi, aka mai da birni kan tudu, aka yanka filaye bisa layi. A 1946 kuma aka soke aikin tilas, aka buɗe asusun FIDES don ayyukan raya ƙasa. Tun da ya zama sai an biya, sai gwamnati ta nemi wanda za ta ƙulla yarjejeniya da shi a rubuce, mai biyan patanti, mai suna a cikin rajistar kasuwanci. Duk kuwa da Faransanci ake yin waɗannan, harshen da magini bai gada ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960 sharuɗɗan ƙaruwa suka yi. Kuɗin uraniyom na shekarun 1970 ya kawo ginin makarantu da asibitoci, sannan ga manyan ayyuka irin na noman rani a Jiratawa a farkon shekarun 1980, waɗanda sai mai siminti da motoci ke iya ɗauka. Yarjejeniyar OHADA ta 1993 ta daidaita rajistar kamfanoni tsakanin Nijar da ƙasashe da dama na Afirka, dokar kwangilolin gwamnati ta 2002 kuma ta tsara yadda ake gasar neman aiki. Ɗan kwangila sai ya nuna lambar haraji, da shaidar biyan asusun ma'aikata, da takardar amincewa mai faɗin ajin kamfaninsa.

Ba a musun amfanin wannan: rufin aji mai ɗaukar yara da yawa ba abin wasa ba ne, kuma dukiyar jama'a na bukatar wanda za a kama. Sai dai ma'aunin ya fi auna jari da kayan aiki bisa ga gwaninta. Saboda haka sau da yawa kwangila takan faɗa hannun attajiri, shi kuma ya ɗauki magini a kan lada. Abin lura, a 1986 aka ba masallacin ƙasa na Yama, a jihar Tawa, lambar yabo ta Aga Khan, aikin magini Falke Barmu da mutanen garinsa. Cikin takardun da ake nema wurin ɗan kwangila babu wadda ke tambayar ko ya iya irin wannan ginin.